Burodin Ma'aikaci: Me Ya Kamata Mu Sa A Cikinsa?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda zai wuni yana aikin ƙarfi, tilas ya fara neman abin da zai sa a bakin salati. A Arlit da Akokan, har zuwa Cirozerin, abin da mutane da yawa suke karya kumallo da shi shi ne burodi. Ana tsaga shi biyu, a zuba wani abu a ciki, a naɗe shi da takarda, a kama hanya. Mu nan muna ce masa kaskurut, kalmar da muka aro daga Faransanci, waɗansu kuma suna cewa sanwic. Direba yana cinsa, lebura yana cinsa, mai gadi yana cinsa, haka ma ɗan makaranta.

Tun da abin ya zama cimar yau da kullum, ya kamata mu tsaya mu dube shi da idon basira. Ra'ayinmu shi ne, kaskurut abinci ne na ƙwarai idan an san abin da za a zuba masa. Kuma abin da ya fi dacewa da jikinmu da aljihunmu da zafin ƙasarmu yana nan cikin kasuwarmu da lambunan Abzin. Naman kanti da ake yankawa siriri, irin wanda Jamusawa suka yi suna da shi, abin marmari ne. Bai kamata mu mai da shi ma'aunin cin daɗi ba. Ga dalilanmu.

Yadda burodi ya samu gindin zama a garinmu

An kafa kamfanin SOMAIR a shekara ta 1968, aka gina garin Arlit a 1969, aka fara fitar da uraniyom a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara haƙo a Akokan a 1978. Mutane suka taho daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Yamai da sauran sassan ƙasa, suka tarar da mutanen Abzin. Turawa ma suka zo da iyalansu da irin cimarsu. Mafi yawansu Faransawa ne, amma har wani kamfanin Jamus mai suna Urangesellschaft yana cikin waɗanda suka zuba jari a SOMAIR a shekarun farko. A wancan zamani ne ma'aikata da dama suka fara ganin naman gwangwani da sosis da cuku irin na Turai a kantunan unguwannin ma'aikata.

Aikin ma'adini aikin agogo ne. Wani ya shiga da asuba, wani da rana, wani da tsakar dare. Mai irin wannan aiki ba ya iya jiran a dama fura ko a kwashe tuwo. Shi kuwa burodi yana shiga jaka, ba ya zuba, ba ya neman cokali. Da haka ya fita daga unguwar ma'aikata ya game gari.

A ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe COMINAK. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aikinsu, ban da ɗaruruwan da suke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Kuɗi ya ragu a hannun jama'a, mai gida ya koma lissafin kowace dala. Saboda haka zancen abin da za a sa cikin burodi zance ne na lafiya, kuma zance ne na tattalin gida.

Naman Jamusawa

Yau yaranmu suna ganin hotunan burodin Turai cikin wayar hannu, an jera masa nama ja siriri kamar takarda, har yawunsu ya tsinke. Bari mu san mene ne wannan nama.

Jamus ƙasa ce da ta shahara wajen sarrafa nama. Suna niƙa shi, su haɗa da gishiri da kayan yaji, su ɗura cikin hanji, su dafa ko su turara shi da hayaƙi. Wannan shi ne sosis, su kuma suna ce masa Wurst. An ƙiyasta suna da wajen iri 1,500. A gidaje da yawa abincin darensu shi ne burodi da yankan nama mai sanyi da cuku. Sunan wannan abinci a bakinsu Abendbrot, wato burodin maraice.

Ba banza suka koyi wannan sana'a ba. Ƙasarsu tana da hunturu mai tsanani. Kakanninsu suna yanka dabba a farkon sanyi, su adana naman da gishiri da hayaƙi don ya kai su ƙarshen hunturu. Mu ma kakanninmu sun yi irin wannan dabara, sai dai su da rana suka yi aiki, suka samar da kilishi. Kowa da abin da ƙasarsa ta koya masa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai sha'awar wannan nama ya sani.

Na farko, mafi yawan sosis ɗin Jamus da naman alade ake yinsa. Akwai na sa da na kaza da na talotalo, har da wanda aka yanka bisa ƙa'idar Musulunci, domin Musulmi miliyoyi ne suke zaune a Jamus, da yawansu ƴan asalin Turkiyya. Amma da ido ba a rarrabe su. Sai an karanta abin da aka rubuta a jikin leda. Alade da Jamusanci shi ne Schwein, da Faransanci kuma porc. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi biyu ya tsare kansa.

Na biyu, gishiri ya yi yawa a cikinsa, kuma ana sa masa wani sinadari mai suna nitirit, wanda yake hana shi ruɓewa, ya bar masa jan launinsa. A shekara ta 2015, masanan cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, sun tabbatar cewa naman da aka sarrafa yana cikin abubuwan da suke haddasa ciwon daji na babban hanji. Sun ce wanda yake cin giram 50 kowace rana, haɗarin kamuwarsa yana ƙaruwa da kashi 18 cikin 100. Giram 50 kuwa bai wuce yanka biyu ko uku ba. Wannan ba ya nufin duk wanda ya ɗanɗana zai kamu. Yawan ci kullum shi ne abin gudu.

Haka kuma hukumar ta ce kada gishirin da babba yake ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Burodi da kansa yana da gishiri. In aka ƙara masa naman kanti da dunƙulen miya da yaji, an wuce iyaka tun kafin azahar. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, hawan jini kuma yana jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Na uku, wannan nama ɗan sanyi ne. Mafi yawansa ba ya zama lafiya sai cikin firigo, ƙasa da digiri 5. A Arlit zafi yana wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni. Daga Tawa zuwa nan tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Wa zai ba mu tabbacin cewa sanyin bai yanke ba a hanya, ko wutar lantarki ba ta ɗauke ba a kanti? Maƙwabtanmu na Aljeriya suna da irin wannan nama nasu na halal, wanda suke kira kashir, ƴan'uwanmu masu zuwa Tamanrasat sun san shi. A shekara ta 1998, a yankin Setif, kashir da ya lalace ya kwantar da ɗaruruwan mutane, fiye da 40 suka rasu. Gubar da ta kashe su tana iya kasancewa cikin nama ba tare da ya yi wari ba.

Mai ciki kuma ta ƙaurace wa naman kanti mai sanyi, sai in an dafa shi ya yi zafi sosai. Akwai wata ƙwayar cuta da take iya yaɗuwa a cikinsa ko yana cikin firigo, tana kuma iya sa ɓari.

To, wanda tafiya ta kai shi Jamus, ko ya samu na halal mai kyau da aka adana cikin sanyi, ya ci ya ji daɗinsa. Yanka ɗaya ko biyu, jefi-jefi, tare da ganye mai yawa. Haka ake cin abin marmari.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Jamusawa

Akwai darasi biyu a wurinsu da suka fi namansu amfani gare mu.

Darasi na farko yana cikin burodinsu. Suna da burodi fiye da iri 3,000, kuma da yawa daga ciki da garin da ba a cire masa dusa ba ake yinsa. Irin wannan burodi baƙi-baƙi ne, yana da nauyi, yana daɗewa a ciki. Namu dogon burodi da farin gari ake yinsa, wanda aka raba shi da dusarsa. Shi ya sa mutum zai cinye guda, bayan awa biyu ya ji kamar bai ci kome ba. Dusa tana riƙe ciki, tana sauƙaƙa bayan gida, tana kuma rage saurin hawan sukari cikin jini. Ana noman alkama a lambunan Abzin, kuma mutanen Abzin sun daɗe suna gasa tagalla cikin toka da yashi mai zafi. Muna da gurasa. Me zai hana masu gidajen burodi na Arlit da Agadas su gwada fitar da burodi mai dusa, ko wanda aka surka da garin gero? In masu saye suka riƙa tambaya, masu gashi za su yi.

Darasi na biyu shi ne yadda suke girmama abin gidansu. Sosis ɗinsu da sunan garuruwansu ake kiransa, wannan na Faranfot, wancan na Nuramba, kuma doka ta hana wani ya ari sunan. Mu ma muna da abin alfahari. An yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar da ta tsare sunansu. Bajamushe bai bar nasa ya kama namu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: kilishi ma nama ne da aka sarrafa da gishiri, aka shanya, aka gasa. Ya fi naman kanti jure zafi, kuma yana da abin gina jiki mai yawa, amma shi ma ba a mai da shi tuwo. Kaɗan ya isa.

Yadda za a haɗa kaskurut mai riƙe ciki

Kaskurut nagari ƙafa huɗu gare shi.

1. Burodi. Rabin dogon burodi ya ishi babba, in an cika shi da abin kirki. Gurasa ko tagalla sun wadatar.

2. Abin gina jiki. Wannan shi ne yake riƙe ciki, ya gyara tsoka. Dafaffen wake da aka murƙushe, ƙosai, awara, ƙwai, garin ƙuli-ƙuli, cuku, sardin, ko ragowar naman miya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake abin gina jiki ne, haka ma gyaɗa. Alkama da wake kuwa suna cika wa juna: abin da ɗaya ya gaza da shi, ɗayan yana da shi.

3. Ganye da kayan lambu. Tumatir, albasa, karoti, shu, tattasai, ganyen salati, ko dafaffen zogale. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itatuwa a yini. Cikin hannu guda a burodin safe mafari ne mai kyau.

4. Mai kaɗan da ɗan tsami. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa, a matse lemun tsami a kai. Lemun tsami da tumatir suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da yake cikin wake da zogale, wanda yake ƙara jini. Suna kuma ba da ɗanɗano, har a rage gishiri ba a ji ba.

Ga misali uku da kowace uwar gida za ta iya. Na ma'aikaci: dafaffen wake, albasa, tumatir, man gyaɗa, da ɗan kilishi da aka marmasa a kai. Na ɗan makaranta: dafaffen ƙwai ɗaya, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Na matafiyi: gurasa, cuku, garin ƙuli-ƙuli da albasa, da dabino a gefe, domin waɗannan ba sa saurin lalacewa.

Abin da muke roƙo a rage shi ne burodi da taliya, ko burodi da soyayyen dankali, ko burodi da mayonez tsura. Gari ne a kan gari, ko mai a kan gari. Ciki zai cika, jiki bai samu abin gini ba. Shayi mai kauri kuma yana rage zuƙar sinadarin ƙarfe. Mai ciki da yaro da wanda jininsa ya yi ƙasa su bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Tsafta kafin daɗi

Abinci mai kyau yana iya zama cuta in hannu bai da tsafta. A garin ma'adini wannan magana nauyinta biyu ne, domin ƙurar wurin aiki tana bin hannu ta shiga ciki. A wanke hannu da sabulu kafin a ci, a ci nesa da wurin ƙura, a rufe abinci in iska ta taso.

Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsafta, ganye ɗaya-ɗaya. Ruwa abu ne mai wuya a nan, kuma ba kowane lambu ake shayarwa da ruwa mai kyau ba. Jami'an lafiya suna nuna yadda ake ɗiga ruwan jabel cikin ruwan wankin ganye, a kuma ɗauraye. In babu ruwan da aka amince da shi, gara a dafa ganyen.

Ƙwai a dafa shi har gwaiduwa ta daskare. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, balle da bazara. Wanda zai daɗe kafin ya ci ya ɗauki busassun kaya, ya haɗa su lokacin ci. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a jefar da shi, kada ma a ɗanɗana. A duba ranar ƙarewar aiki da aka buga a jikinsa kafin a biya kuɗi.

Sannan a kula da ƙarfen da abinci yake taɓawa. Tun a 2003 masu binciken wata cibiya ta Faransa mai suna CRIIRAD, tare da ƙungiyar Aghir In'man ta nan Arlit, suka gano tarkacen ƙarfe mai tururin guba a kasuwar gari. Kada a gasa nama, ko a toya ƙwai, ko a ƙera tukunya da ƙarfen da ba a san asalinsa ba.

Masu cewa wake abincin talaka ne

Mun san za a ce mana, ai nama shi ne abinci, wake na wanda ba shi da hali ne. Amsarmu ita ce, jiki ba ya tambayar farashi. Abin gina jiki da yake cikin wake da gyaɗa da ƙwai yana aiki a jikin shugaba kamar yadda yake aiki a jikin lebura. Kuɗin da za a sayi ƴan yankan naman kanti zai sayi waken da zai ciyar da gida duka.

Waɗansu za su ce, mai aikin rana yana zufa, yana bukatar gishiri. Gaskiya ne zufa tana fitar da gishiri. Amma wanda yake cikin burodi da miya ya ishi mafi yawan mutane. Abin da jikin mai zufa ya fi nema shi ne ruwa.

Waɗansu kuma za su ce kayan lambu suna tsada a Arlit. Wannan ma gaskiya ne, musamman da bazara, domin gari ne na tsakiyar hamada. Amma da sanyi lambunan Abzin suna cika kasuwa: albasar Tabelot, dankalin turawa da tafarnuwar Bagzan, lemun Timiya, kayan Iferwan. Lokacin araha a shanya tumatir da albasa da zogale, a ajiye don lokacin tsada. Zogale a inuwa ake shanya shi don kada amfaninsa ya ragu. Wanda yake da ɗan fili a gida ya dasa zogale guda, ya riƙa zuba masa ruwan ɗauraya.

Kowace dala da aka kashe a kan albasa da cuku da wake tana komawa hannun mai lambu da makiyayi da manomin ƙasarmu. Uraniyom yana ƙarewa, mun gani da idonmu a Akokan. Lambun da aka kula da rijiyarsa kuwa, ɗa yana gadonsa daga uba.

Saboda haka muna kira ga masu shayi da masu sayar da kaskurut, su ajiye dafaffen wake da yankakken tumatir kusa da kwalbar mayonez, su rufe kayansu daga ƙuda da ƙura. Muna kira ga iyaye mata su duba abin da yaro yake saye da kuɗin tara. Muna kira ga magidanta da suka haura shekara 40 su je likita a auna musu jini, domin hawan jini ba ya sallama. Kada kuma burodi ya kore mana fura da nono da kunun gyaɗa, su ma karin kumallo ne na ƙwarai.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.